Wata huɗu a tsibiran Asiya da jakar goyo: tsibiri nawa ya kamata mutum ya taka?

Ɗan Yawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kafin in biya kuɗin jirgi. Na daɗe ina tara kuɗin doguwar tafiya, kuma in Allah ya yarda zan samu sarari daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Janairu. Ba na son jan akwati, jakar goyo kawai zan ɗauka in bi tsibirai da garuruwan bakin teku. Ga yadda na tsara: in sauka Kuala Lumpur, in wuce tsibiran Perhentian, daga nan Langkawi, in tsallaka Tailan ta Koh Lipe, Koh Lanta, Phi Phi da Phuket. A Nuwamba in koma ɗaya gefen na gabashin Tailan, wato Samui, Phangan da Koh Tao. Disamba a Filifin, El Nido, Coron da Siargao. Janairu kuma Indunusiya: Bali, tsibiran Gili, Lombok har Komodo. In kuɗi ya rage in leƙa Siri Lanka. Waɗanda suka taɓa bin wannan hanya, don Allah me kuka gani?

Mai Jaka Ɗaya: Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya cika maka buri. Amma kada ka biya ko sisi tukuna, don tsarin nan naka ya bi taswira ne, bai bi iska ba, kuma a wannan yanki iska ce ke da iko.

Iska biyu ke juya shekarar. Daga wajen Mayu zuwa Oktoba tana busowa daga kudu maso yamma, tana jibga ruwa a gaɓar Andaman, wato Phuket, Krabi, Lanta, Lipe da Langkawi. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu sai ta juyo daga arewa maso gabas, ta koma kan gaɓar gabas. Shi ya sa tsibirai biyu da ke ƙasa ɗaya, tsakaninsu tafiyar yini, ɗaya na cikin rana ɗaya na cikin marka.

To duba abin da ka yi. Perhentian suna gabashin Malesiya, daga ƙarshen Oktoba masu masauki ke fara kulle ƙofa, yawancinsu ba sa buɗewa sai Fabrairu ko Maris, jiragen ma raguwa suke yi. Lanta da Phuket a Oktoba damina ba ta gama ɗaukewa ba. Samui da Phangan da Tao kuwa, Nuwamba ne watan da ruwa ya fi yi musu yawa a shekara. Bali da Lombok a Janairu tsakiyar daminarsu ce. Kusan duk inda ka dosa, ruwa zai riga ka isa.

Juya shi kawai. Fara da Indunusiya a Oktoba, lokacin rani na ƙarewa amma teku bai ɓaci ba. Daga tsakiyar Nuwamba ka hauro gaɓar Andaman, lokacin gari ya washe. Janairu ka zaɓi Palawan ta Filifin, inda El Nido da Coron suke, ko kudancin Siri Lanka, duka biyun suna da kyau a lokacin.

Ɗan Yawo: Ikon Allah. Na gode Yaya. To amma ruwan sama kaɗai zai hana mutum tafiya? Na ji an ce yakan zuba awa ɗaya ya ɗauke.

Mai Jaka Ɗaya: Gaskiya ne, sau da yawa haka yake yi. Amma ba jiƙewa nake jiye maka ba, teku nake jiye maka. Idan igiyar ruwa ta tashi ana dakatar da ƙananan jirage, ka maƙale a tsibiri alhali tikitin jirgin samanka na jiranka a wani gari. Ruwan ma gurɓacewa yake, ba ka ganin komai a ƙasansa. A Kuta ta Bali kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar yamma kan turo tulin robobi da shara bakin gaɓa. Tsibiran Similan na Tailan ma hukuma ce ke rufe su daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba duk shekara.

Malam Lissafi: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan wuraren. Na ƙirga sun haura goma sha biyar, a ƙasashe huɗu ko biyar. Mutane suna ɗauka sauya tsibiri abu ne na awa biyu, saboda abin da aka rubuta a tikitin jirgin ruwa ke nan. A zahiri yini guda yake ci. Ka tashi da asuba ka haɗa kaya, motar haɗaka ta zagaya gari tana kwasar mutane, a jira a tasha, a shiga jirgi, a sauka, ka nemi masauki da jaka a baya cikin zafin rana. Daga Puerto Princesa, babban birnin Palawan, zuwa El Nido awa biyar zuwa shida ne a mota. Daga El Nido zuwa Coron kusan awa huɗu ko fiye a ruwa, in teku ya yarda. Babban jirgin fito daga Padang Bai ta Bali zuwa Lembar ta Lombok awa huɗu zuwa biyar. Kuma kuɗin tafiya irin wannan ba a abinci ko kwana yake narkewa ba, a zirga-zirga yake narkewa. Wanda ya zauna sati biyu wuri ɗaya yana iya neman ragi a ɗaki, wanda ke tashi duk bayan kwana uku kullum farashin baƙo yake biya.

Baban Biyu: Malam Lissafi, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ku da kuka saba fita kuna magana kamar kowa zai sake samun wannan dama. Yaron nan ya ce ya daɗe yana tara kuɗi. Gobe aure, jibi 'ya'ya, gata aiki ya riƙe shi. In bai ga Komodo yanzu ba yaushe zai gani? Ni a ganina yana da ƙuruciya da ƙarfi, ya taka iya inda ƙafarsa ta kai. Gani ya kori ji. Zaman hutu a bar wa irinmu.

Malam Lissafi: Ai ban ce kada ya je Komodo ba, Baban Biyu. Cewa na yi ya rage. Samui da Phuket kusan abu ɗaya za su ba shi. Gili uku ne, Trawangan, Meno da Air, yana iya zama a ɗaya ya riƙa leƙa sauran da kwale-kwale.

Hajiyar Tsibiri: Bari in sa baki. Baban Biyu, na fahimci abin da kake nufi, kuma akwai tausayi a cikinsa. Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa mai shirin tafiya irin wannan: ido yana ƙoshi. Farin yashi na farko zai sa ka tsaya ka kasa magana. Na biyar za ka ce ma sha Allah ka ɗauki hoto. Na goma za ka tarar kana neman inuwa da intanet. Indunusiya kaɗai tana da tsibirai sama da 17,000, Filifin 7,641. Ba mai gama su, don haka ƙirga ba ita ce riba ba.

Abin da ke zama a zuciya shi ne abin da sai an daɗe ake gani. Misali a Jambiani, gabashin Zanzibar, teku yana janyewa nesa ƙwarai sau biyu a rana. Wanda ya zo kwana biyu haushi yake ji, yana cewa an yaudare shi, babu ruwan iyo. Wanda ya zauna zai fara lura cewa janyewar nan ita ce agogon garin. Da ruwa ya ja baya mata ke fitowa, zani ɗaure a ƙugu, su bi sahun ruwan su je gonakinsu na ciyawar teku. Turaku ne aka kafa a yashi layi-layi, an ɗaura igiya tsakaninsu, an ɗaɗɗaure ƙananan rassan ciyawar a jiki. Suna zaune cikin ruwa iya gwiwa suna tsinka wadda ta girma suna cusa wa a buhu, suna ɗaura sabuwa, suna hira da ƙarfi daga wannan layi zuwa wancan. Kafin ruwa ya dawo sun ɗoro buhunan a ka sun fito, a shanya ta a ƙofar gida har ta bushe ta sauya launi. Kullum lokacin yana matsawa da kusan minti hamsin, saboda wata yake bi. Sai da na zauna na ga haka da idona na gane cewa mutanen wurin ba rairayin da muke ɗauka a hoto suke gani ba, gona suke gani.

Ɗan Yawo, ɗana, irin wannan nake so ka samu. Ba ya samuwa ga wanda jakarsa ba ta taɓa zama a kwance ba.

Baban Biyu: Hajiya, maganarki ta shige ni. Amma har yanzu ina nan a kan cewa akwai wuraren da ko kwana ɗaya ne sai a je. Tsibirin Padar da ke kusa da Komodo da sassafe, ko ƙadangaren Komodo da ke kai mita uku, ba sai ka yi wata a wurin ba.

Hajiyar Tsibiri: Wannan haka ne. Shi ya sa nake son tsarin zango: ka kafa sansani a wuri ɗaya, ka riƙa fita kana dawowa. Labuan Bajo da ke tsibirin Flores zango ce ta Komodo da Padar. Lanta zango ce ta Phi Phi da ƙananan tsibiran kudu. Ka bar babbar jaka a ɗaki ka fita da ƙarama.

Mai Jaka Ɗaya: Kafin mu yi nisa, akwai abin da ya fi duk wannan, kuma ban ga ka ambata ba: biza. Yawancin labaran da kake karantawa na masu yawon tsibirai, waɗanda suka rubuta su fasfonsu na shigar da su ƙasashen nan ba biza, su tsallaka iyaka duk ranar da suka ga dama. Doka ta danganta da fasfon da ke hannunka. Wani biza a filin jirgi zai karɓa, wani sai ya nema tun daga gida da takardar banki da shaidar masauki, wani ma shiga ɗaya tak za a ba shi, in ya fita ta mutu. Tsarin da ke cewa ka shiga Malesiya, ka fita, ka dawo, zai iya rushewa a kan wannan kaɗai. Ka tambayi ofishin jakadancin kowace ƙasa da kanka, kada ka dogara da abin da wani ya rubuta shekara biyu da suka wuce.

Sauran abubuwan kusan kowa suka shafa. Fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla. Tikitin fita daga ƙasar, don tun a wurin awon kaya kamfanin jirgi kan tambaya. Katin rigakafin shawara ga wanda ya taso daga ƙasar da ake samunta. Tailan ta fara amfani da katin shiga na intanet tun 1 ga Mayu 2025, ana cike shi kafin a iso. Bali na karɓar harajin baƙi rupiya 150,000 tun Fabrairun 2024. Zanzibar, tunda Hajiya ta kawo ta, ta wajabta inshorarta ta dala 44 tun Oktoban 2024. Kuma kada ka wuce wa'adi: a Tailan tara baht 500 ce kowace rana, a Indunusiya rupiya miliyan ɗaya kowace rana.

Ƙanwar Maza: Ina bin muhawarar nan tun ɗazu, ni ma ina da irin wannan buri ni da ƙawata. Hajiya, don Allah yaya mace ke yi a irin wuraren nan? Hotunan da nake gani duk na shaye-shaye ne da raye-raye a bakin ruwa, ni kuma ba abin da nake nema ke nan ba.

Hajiyar Tsibiri: 'Yata, wannan fuska ɗaya ce, ita aka fi haskawa. Haad Rin ta Phangan daren cikar wata, Patong ta Phuket, gefen tashar jirgi a Gili Trawangan, nan ne hayaniyar take, kuma kauce musu ba wuya. Da yawa daga cikin tsibiran nan garuruwan Musulmi ne. Lombok ana mata kirari da tsibirin masallatai dubu. Koh Lanta da Koh Yao Noi a Tailan yawancin mutanensu Musulmi ne, za ki ji kiran salla, abincin halal kuma ba sai kin wahala ba. Langkawi ba a magana. Bali ce yawancinta mabiya Hindu, akwai naman alade a abinci da yawa, don haka ki nemi shagunan da suka rubuta halal ko na abincin Padang, girkin Musulmin Sumatra.

A Maldibs tun 2009 aka ba mutanen gari izinin buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da ake zaune, irin su Maafushi. Babu giya a waɗannan tsibirai, kuma an ware wa baƙi gefensu na wanka. Sai dai ki sani yawancin jiragen fito na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a.

Masaukan haɗaka da yawa suna da ɗakin mata zalla, ki tambaya kafin ki biya. Ku biyu ma in kun raba kuɗin ɗaki ɗaya a gidan baƙi na iyali, sau da yawa bai fi gado biyu a ɗakin haɗaka tsada ba, ga natsuwa. Ki isa sabon wuri da rana. Ki sanar da wani a gida sunan masaukinki duk lokacin da kika sauya. Kayan iyo masu rufe jiki kuma ba wanda zai kalle ki, ga shi suna kare fata daga rana.

Anti Nas: Ni gefen lafiya zan taɓa, don a nan doguwar tafiya ke yankewa. Abu na farko babur. Wallahi duk wanda ya yi aikin jinya ya san abin da kwalta ke yi wa fata. A tsibiran nan ana ba kowa hayar babur ba tare da an tambaye shi ko ya iya ba, ga yashi a kan kwana, ga karnuka, ga tudu. Tailan, Malesiya, Indunusiya da Siri Lanka ta hagu ake tuƙi, Filifin ta dama. Idan ba ka da lasisin babur da na ƙasa da ƙasa, kamfanonin inshora da yawa ba za su biya ko kwabo ba in ka faɗi. Hular kwano dole. Kada ka bar fasfonka jingina a wurin mai haya, ka ba da kwafi da kuɗin ajiya, ka ɗauki bidiyon babur ɗin ta ko'ina a gabansa kafin ka hau.

Na biyu zazzaɓin dengi. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, don haka gidan sauro da dare bai wadatar ba, sai an shafa maganin sauro mai sinadarin DEET. In zazzaɓi mai zafi ya kama ka da ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan ido, farasitamol kawai za ka sha, ban da asfirin da ibuprofen, don suna ƙara haɗarin zubar jini. Ka je a gwada jininka.

Na uku cizon kare ko biri. Bali na fama da ciwon haukan kare tun 2008. Ko yakushi ne, ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ka nufi asibiti a ranar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan babu mai tashi. Ƙananan tsibirai kuma ɗan ƙaramin ɗakin shan magani kawai suke da shi, babban abu sai an tsallaka da kai. Shi ya sa inshorar da za ka saya ta ƙunshi ɗaukar mara lafiya.

Ƙaramin ciwo ma kada ka rena shi. Yankan dutsen murjani a wuri mai zafi da danshi saurin ruruwa yake yi. Wanke, sa magani, bar shi ya bushe, haƙura da ruwa kwana biyu.

Gwanin Nutso: Anti ta gama magana. In ƙara da na teku. Abin da ya fi cin masu wanka a gaɓa shi ne ruwan da ke ja ciki. Igiya na turo ruwa bakin yashi, ruwan ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya bi ta wani ɗan siririn wuri da gudu. Abin tsoron shi ne wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, babu kumfa, sai baƙo ya ce nan ne lafiya. In ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi kana neman dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ka bar jikinka ya yi yawo a sama, ka ɗaga hannu, ka yi iyo ta gefe daidai da gaɓa har ka fita daga cikinsa. Jan tuta a bakin ruwa na nufin kada a shiga, ko da ka ga wasu a ciki.

Idan kana son koyon nutso, Koh Tao ta yi suna da araha, kwas na farko kwana uku zuwa huɗu ne, yana ba ka izinin zurfin mita 18. Amma a Gili da Lanta ma ana koyarwa, ba sai ka tsallaka ƙasa don wannan ba. Bayan nutso da yawa a jere, ka bar aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama, mu mun fi son 24. A Coron akwai jiragen ruwan Japan da aka nutsar a Satumban 1944, wasunsu ba su da zurfi sosai, murjani ya lulluɓe su. In ka zaɓi Palawan a Janairu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Jirgin ruwa kuma ka buɗe ido. In ka ga an cika shi fiye da ƙima ko babu rigunan ceto, sauka ka jira na gaba. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, tsibiran Zanzibar, da lodin da ya fi ƙarfinsa, mutane da yawa suka rasu. Sannan duk wanda zai kwana a bakin teku a yankin nan ya san darasin 26 ga Disamba 2004, ranar da tsunami ta kashe mutum sama da 220,000. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko ka ga teku ya janye farat ɗaya ba lokacinsa ba, kada ka tsaya kallo, nufi tudu. A Phi Phi da Phuket akwai allunan da ke nuna hanyar gudu, ka karanta su ranar da ka iso.

Malam Lissafi: Maganar jaka da kuɗi a taƙaice. Ƙananan kamfanonin jirgi na yankin, irin su AirAsia, kilo 7 suke bari ka shiga da shi, abin da ya ɗara sai ka biya. Jaka mai lita 40 ta isa, tunda ba kayan sanyi za ka ɗauka ba, wanki kuma ana yi a kan kilo ko'ina. Ka samu jakar da ruwa ba ya shiga don waya da fasfo, saboda wurare da yawa babu gadar sauka, kwale-kwale zai tsaya nesa da yashi ka diro cikin ruwa iya cinya da kaya a ka. Na'urar cirar kuɗi a Tailan na cire baht 220 ko fiye duk cira ɗaya da katin waje, don haka ka ciri mai yawa sau ɗaya. Kati biyu a wuri biyu, da 'yan daloli a ɓoye. A ƙananan tsibirai kuɗi kan ƙare a na'urarsu.

Baban Biyu: Akwai abin da ke damuna tun da aka fara ambaton Phi Phi. Ba mu ne muke lalata wuraren nan ba kuwa? Maya Bay ta Phi Phi sai da aka rufe ta a Yunin 2018 saboda jirage da dubban mutane sun kashe murjanin, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Boracay ta Filifin ma an rufe ta wata shida a 2018 saboda ƙazantar ruwa. Ni da nake cewa yaro ya je ya ga komai, sai na ji wani iri.

Gwanin Nutso: Tambaya ce ta gaskiya, Baban Biyu. Amma rufewar Maya Bay ta nuna cewa teku na farfaɗowa in an sarara masa, ƙananan kifayen shak sun dawo wurin. Yanzu jirage ba sa shiga ta gaba, ta bayan tsibirin ake sauka, kuma an hana iyo. Abin da ke hannun matafiyi shi ne kada ya taka murjani ko ya taɓa kunkuru, kada ya ciyar da kifi, kada ya sayi kwanson teku. Tailan ta haramta man kariya daga rana mai sinadarin oxybenzone a gandayenta na ruwa tun 2021.

Hajiyar Tsibiri: Ga kuma ruwan sha. Tsibiri ƙarami ruwan daɗinsa kaɗan ne. A Gili wasu masaukan ruwan wankansu ma da gishiri-gishiri yake. Duk gorar roba da ka sha ka yar, ko dai a ƙone ta a wurin ko a ɗauke ta a jirgi. Ka riƙe gora ɗaya kana cikawa, wurare da yawa suna sayar da ciko. Kuma a nan ma zama ya fi gudu amfani: wanda ya daɗe a gidan baƙi na iyali, yana cin abinci a ƙaramin shagon unguwa, kuɗinsa a hannun mutanen tsibirin yake zama. Mai zuwan yini ɗaya a jirgi mai gudu, kuɗinsa a babban gari ya bar shi, sharar ce kawai rabon tsibirin.

Ɗan Yawo: Allah ya saka muku da alheri, iyayena da yayyena. Na zauna na sake zana shi. Oktoba zuwa farkon Nuwamba: Lombok, in zauna a Gili Air, sannan Labuan Bajo don Komodo da Padar, Bali 'yan kwanaki kawai a hanyar fita. Tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba: Penang ta Malesiya, Langkawi, Lipe, sai doguwar zama a Lanta. Janairu: El Nido da Coron. Na cire Perhentian, Samui, Phangan, Tao, Siargao da Siri Lanka. Babur kuma sai na yi lasisi kafin in tashi. Gobe zan fara bin ofisoshin jakadanci.

Baban Biyu: Ka bar Komodo a ciki, to na gamsu. Allah ya kai ka lafiya.

Mai Jaka Ɗaya: Wannan ya yi. Abu biyu ka gyara. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara ne lokacin da gaɓar Andaman ta fi cika, farashi na tashi, don haka ɗakin Lanta na waɗannan kwanaki ka kama shi tun da wuri, sauran ka bar su a buɗe. Kuma duk inda jirgin sama ke jiranka bayan jirgin ruwa, ka bar kwana ɗaya a tsakani, musamman Coron da Labuan Bajo.

Ɗan Yawo: To Yaya. Tambaya ta ƙarshe: daga Langkawi zuwa Lipe, a ina ake buga fasfo?

Mai Jaka Ɗaya: Hatimin fita a tashar jirgin ruwan Langkawi ake buga shi, na shiga kuma a Lipe ɗin kanta, akwai ɗan ofishin shige da fice a bakin rairayin Pattaya. Tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, kuma jirgin a lokacin rani yake aiki, daga wajen tsakiyar Oktoba. Ma'aikatan jirgin kan karɓi fasfo a tattara, a miƙo maka a ofishin, don haka kada hankalinka ya tashi. Agogon Tailan yana bayan na Malesiya da awa ɗaya, ka gyara naka. Idan ka je neman bizar Tailan ka faɗa musu ta ruwa za ka shiga ta Lipe, su tabbatar maka irin bizar da za su ba ka tana aiki a wannan ƙofa. In sun ce a'a, sai ka tashi ta jirgin sama daga Penang ko Kuala Lumpur zuwa Phuket ko Krabi, ka gangaro Lanta ta mota.